Geron da Bai Tashi a Takardata Ba

A aji huɗu na bar makaranta, don ni zama wuri ɗaya ba ya yi mini. Na yi kamasho a tashar Birnin Kudu, na yi facin keke, duk ban daɗe ba. Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, an ƙara wa ma'aikata albashi, ko'ina sai kukan tsada. Sai ga wani malami daga Kano yana neman wanda ya iya rubuta lamba. Aikin shi ne duk ranar kasuwar Gwaram in tambayi kuɗin tiyar gero da dawa, da kwalbar man gyaɗa da kananzir, in rubuta, in ba direba ya kai masa. Ya ce da irin takardun nan gwamnati ke sanin yadda kaya ke tashi a ƙasa. Ya ja kunnena: mutum ɗaya zan riƙa tambaya kullum, kar in canza.

Wajen hatsi na zaɓi wani tsoho, aminin babana. Sai in durƙusa in gaishe shi, in ce, "Baba, yau nawa?" Ya faɗa, in rubuta, in tafi yawona. Wata da watanni mai da kananzir suna hawa, gero yana nan inda yake.

Babana a ƙauyenmu Zandam bai iya boko ba, amma takardar nan ta fi masa rediyo. Da masu babbar mota suka zo ƙauye sayen hatsi, sai ya kira ni.

"Kai, ɗan gwamnati, duba mana. Nawa ne a Gwaram?"

Na karanta masa. Tayin masu motar ya ɗara na takardata nesa. Na ce, "Baba, waɗannan ba su san kasuwa ba. Sayar musu, ma riƙa awo da sauƙi." Ya buɗe rumbu biyu cikin uku, ya sayi kwanon rufi da kuɗin.

Da bazara rumbu na uku ya kusa ƙasa. Ranar kasuwa na isa wajen tsohon, na tarar da wani Bafulatani yana ciniki, sai na tsaya a baya. Kuɗin da na ji tsohon ya faɗa masa ya kusa ninka na takardata. Mutumin kuwa bai ko yi musu ba, ya biya. Da ya tafi, sai na matsa kusa da tsohon.

"Baba, yau ya tashi haka?"

"Yau? Tun bayan kaka yake hawa."

"Amma ba haka kake gaya mini ba!"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai, ni da ubanka muka yi kiwo tare. In buɗe baki in gaya maka kuɗin baƙo? Ni na ɗauka gida ake aiko ka. Kullum ka tambaya ka tafi, na ce yaron nan ko a haka ma ba shi da kuɗin saye."

Na gaya masa inda takardar ke zuwa, da maganar rumbunanmu. Ya saki tiyar ta faɗi cikin gero, ya yi ta salati.

"Wato ni na gaya wa gwamnati gero bai tashi ba? Ni na sa amini ya sayar da abincinsa?"

Ya miƙe da kansa ya auna buhu guda a tsohon kuɗi, ya ɗaura mini a keke. Ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan.

Ran nan na rubuta kuɗin gaskiya. Malamin Kano ya maido takardar da jan biro, wai gero ba ya ninkawa a mako ɗaya, in gyara. Ban gyara ba, aikin kuma bai ƙara zuwa ba.

Babana bai yi mini faɗa ba. Buhun bai kai mu tsakiyar damina ba. Ni ya sa na hau ɗaki na kwance sabon kwanon, falle-falle, na kai Birnin Kudu na sayar, muka yi awo da kuɗin baƙo.