Baban Gyambo Zai Ajiye Almakashi

A ƙarshen barandar asibiti, bayan ɗakin ajiyar kaya, akwai wani ɗaki mai taga ɗaya. Kullum da safe wani dattijo yakan buɗe shi, ya dafa almakashinsa, ya jera auduga da bandeji da ruwan gishiri a kan tire, ya goge benci, ya zauna jiran mutanensa. Ma'aikata suna ce masa Baban Gyambo. Da tsokana aka fara, sunan ya bi shi har furfura. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Mutanensa su ne masu ciwon da ya ƙi warkewa: ƙafar mai ciwon suga, bayan wanda ya daɗe a kwance, ƙunar da ta zama miki. Irin ciwon da 'yan dubiya kan cika ɗaki da farko, daga baya su tsaya a bakin ƙofa, daga nan sai gaisuwa ta waya. Shi ma aikin bai bar shi da abokai ba. Mai sharar barandar ta ce mini shi kaɗai yake cin abincin rana.

"Ba ƙinsa ake ba," in ji ta. "Amma in ka tuna abin da hannunsa ya taɓa, loma ba ta wucewa."

Tun rasuwar matarsa, gida ma shiru yake tararwa. 'Ya'ya sun yi nisa da aiki da aure.

Ta dalilin kawuna na san shi. Kawu tela ne mai ciwon suga. Ƙusa ya taka, wurin ya ruɓe. A gida aka mayar da shi ɗakin baya, jikoki suka daina shiga. Likita ya ce in babu sauƙi, sai dai a yanke ƙafar. Ranar farko da aka kwance tsumman ƙafar a ɗakin Baban Gyambo, Kawu ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri da warin, malam."

"Haba alhaji, wannan ai turare ne. Da wace ƙafa kake taka keken ɗinkin?"

"Da ita."

"To, ashe muna da aiki ni da kai."

Watanni suka yi: wanki, yanke mataccen nama, faɗa a kan sukarin shayi, komawa wurin likita a gyara magani. Da Kawu ya karaya ya daina zuwa, bayan tashi daga aiki sai ga Baban Gyambo da jakarsa. Ya shige ɗakin baya, ya zauna a tabarma, ya ɗora ƙafar a cinyarsa. Yatsu biyu sun tafi, ƙafa ta tsira. Yau Kawu yana shagonsa.

Ba kowa ya warke ba. Akwai wata tsohuwa da mikinta bai taɓa rufewa ba har ta rasu. Takan riga kowa zuwa. Da ya ce mata ta daina wahalar sammako, sai ta ce, "Ɗana, duk duniya kai kaɗai ka rage kana taɓa ni."

Baba, kai ne wanda bai taɓa yamutsa fuska ba. Kai ne ka zauna da waɗanda aka gaji da su, alhali kai ma babu mai zama da kai. Mun gode. Allah ya saka maka, ya sa kada ka rasa mai riƙe hannunka ranar da ka buƙata.

Har yanzu babu wanda ya nemi a ba shi ɗakin nan. Matasan ma'aikatan jinya, wani ya daure ya karɓa tun Baba yana nan ya koya masa. Mu kuma da ya wanke wa iyaye, in ya koma gida mu riƙa leƙa shi. Ba zai kira kowa ba. Bai iya roƙo ba.