Sunan da Yaya Sa'idu Ya Ƙi Cirewa

Bazarar nan shekara huɗu ke nan da munka binne yayana Sa'idu, wanda mutanen Tawa sunka sani da Sa'idu Mai Fata. Sanƙarau ya ɗauke shi, kwana uku tsakanin ciwon kai da likkafani. Ban taɓa rubutu a jarida ba, karatuna aji uku ne na lakwal, wato boko, sai abin da na tsinta daga baya, wanda ya ga tuntuɓe ya tsallake. Abu guda nake so in faɗa a kansa, kuma a cikin abin akwai laifina.

Sana'armu fata ce, ta awaki da tumaki, kuma mu uku ne: Yaya, ni, da Agali. Agali Buzu ne, amma ba a kasuwa munka san shi ba. Ubansa yakan sauka da bisashensa a gonar babanmu ta Kalfu kowace shekara bayan girbi, dabbobi su ci kara su bar mana taki. A cikin bukkarsu, tsakiyar gonarmu, anka haife shi. Da munka girma shi ke bin rijiyoyi daga Tebaram zuwa arewa yana tara fata, kuma da tafin hannu yake gane wadda anka feɗe da kyau da wadda wuƙa ta ci, ko bai duba ba. Yaya ya san hanya da mutanen hanya. Ni na san gishiri da shanya da ɗauri.

Kano muke kai kayan, wurin manyan gidajen jima. Shekara da shekaru ba mu taɓa taka cikin ƙofarsu ba, don ba su saye sai daga kamfani mai rajista a ƙasarsu. A waje dillali ke tarbe mu, ya juya fatarmu da ƙafa, ya ce wannan ta ɗaya ce waccan ta uku, sannan ya shiga da ita da sunansa. Bayan babban taron ƙasa da ya buɗe ƙofar siyasa, lokacin da kowa a Tawa ke kafa jam'iyya ƙarƙashin kowace bishiya, Yaya ya ce shi kamfani zai kafa, kuma a Kano, da sunayenmu uku.

Munka samu wani lauya a wani bene kusa da kasuwa. Mutumin bai ɓoye mana komi ba, wannan zan shaide shi.

Ya ce, "Alhaji, hanya biyu ce. Ta baƙi doguwa ce. Kowa da fasfonsa da takardar haihuwarsa, sai adireshin ofis a nan, sai izini daga can sama. Shekara tana iya wucewa. Gajerar kuwa, ku biyun nan in kun buɗe baki wa zai ce ba Sakkwatawa ba ne? Ku ce a Illela aka haife ku, akwai mai shirya muku takarda. Wata ɗaya an gama." Sai ya nuna Agali da biro, yana zaune da rawaninsa har hanci. "Shi dai wannan bawan Allah babu yadda za a yi da shi. A bar shi a matsayin ma'aikaci, ku riƙa ba shi rabonsa a gida."

Ni a raina na riga na ce madalla. Rabin mutanen da na sani a Ƙwanni katin ƙasa biyu ke aljihunsu, kuma ba wanda ya mutu.

Yaya ya ce, "Lauya, ni Kalfu anka yanke mani cibi. Wanga da kake nunawa da biro kuwa, cikin gonarmu anka yanke nashi. In takardar ba ta ɗaukar mu uku, ba ta ɗaukar kowa. Rubuta doguwar."

A mota muna dawowa Agali ya ce, "Sa'idu, ni suna bisa takarda bai ƙara mani fata ko guda. Ka bi gajerar."

Yaya ya ce, "Kai Buzu, bakin nan da ka naɗe da yadi goma, bar shi naɗe. Ba shawara na tambaye ka ba."

Wanda bai zauna Tawa a shekarun nan ba ba zai gane abin da Yaya ya ɗauko ba. Ana tawayen Buzaye a arewa. Duk mai rawani in an zo shinge shi ake fara saukewa. Akwai waɗanda anka kwashe daga gidajensu, iyalansu sunka yi watanni ba labari. Mutanen da sunka yi shekara ashirin suna shan shayi da Buzaye sai ga su suna canza hanya in sun hango su. A cikin wannan hali ne ya zamana Agali bai da takardar haihuwa, don ba wanda ya rubuta haihuwar cikin gona. Kafin a ba shi, sai mutum biyu sun tsaya gaban alƙali sun shaida inda anka haife shi, a rubuta sunayensu da lambar katinsu a babban littafi, kusa da nasa.

Yaya ya ce shi ne na farko, ni ne na biyu. Na ce to.

Ranar da anka sa mana, tun da asuba na hau mota na tafi kasuwar Barmu. Rana ta biyu na ce zazzaɓi. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, tsoro ne. Ina da mata da ƴaƴa shida, kuma na riƙa ganin littafin nan a buɗe gaban wani mai kaki, yatsansa a kan sunana. Na san Agali bai taɓa riƙe abin da ya wuce wuƙar fiɗa ba. Sanin bai hana ni gudu ba.

A bakin gidan shari'a akwai wata bishiyar dogon yaro da wasu mutane ke zama ƙarƙashinta. Aikinsu shaida. Ka ba su na goro su shiga su ce sun ga haihuwarka, ko da ka girme su. Kowa ya san su, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Sun yi ta bin Yaya. Agali kansa ya ce a ɗauki ɗaya a huta. Yaya ya ƙi. Sau biyu suna zuwa su zauna kan benci har azahar, akawu ya kira suna, Yaya ya miƙe ya ce shaida na biyu bai iso ba, a sake musu rana.

Ana haka labari ya kai kunnen dillalan Kano cewa muna neman hanyar shiga da kanmu. Sai sunka daina taɓa kayanmu. Lodi guda ya je ya dawo. Fata ta taru a mangaza, ɗakin ajiyarmu, har rufi, damina ta shigo, ƙwaro ya shiga. Wani hantsi Yaya ya same ni ina juya ta. Ya ɗaga guda ya tara da hasken ƙofa, ta zama kamar rariya. Ya mayar da ita bisa tarin.

Na ce, "Yaya, don Allah ka ɗauki ɗan dogon yaro ka ƙyale ni. Dukiya na lalacewa."

Ya ce, "Habu, ranar sunan Agali wa ya kai ƙwaryar fura daga gida zuwa gona?"

Na ce ni ne.

"Wa ya zubar da rabi bisa hanya, Inna ta bi shi da kara?"

Na ci gaba da juya fata.

Ya ce, "Ba a ce ka rantse bisa abin da zai yi gobe ba. Inda anka haife shi anka tambaye ka. In kai da ka gani ka ƙi faɗi, ni kuma in ɗauko wanda bai gani ba shi faɗa, mi ya raba takardarmu da ta Illela? Na sa an ba mu Talata. In ba ka zo ba, in sa a ba mu wata Talatar. Fatar ta ruɓe duka, ni ina nan bisa benci."

Na je. Alƙalin saurayi ne daga yamma, Hausarsa tana ɗingishi. Ya tambaye ni yadda na san haihuwar, na ba shi labarin fura da kara da ragon suna, har ya yi dariya. Ya rubuta ya buga hatimi, abin bai kai shan shayi guda ba. Ba zan ce tsorona banza ne ba, don daga baya an kira ni wani ofis sau biyu, an zaunar da ni daga safe zuwa la'asar ana maimaita tambaya guda. An sake ni. Na koma gida na ci tuwo, kuma ya fi na watannin da nake ɓuya daɗi.

Sauran takardun sunka ci ƙafarmu tsakanin Tawa da Yamai da Kano. Ranar hoton fasfo, mai hoto ya ce sai Agali ya sauke rawani, shi kuwa ba ya buɗe baki gaban mutane. Yaya ya kori kowa daga shagon, har da ni, shi ma ya juya baya ya tsare ƙofa har anka gama. Shekara da watanni kafin takardar kamfani ta fito. Ranar da munka fara shiga ƙofar gidan jima, Yaya ya tura Agali gaba. Mai tantance fata ya ware wasu ya ce na uku ne, Agali ya kama hannunsa ya shafa masa su ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya mayar da su na ɗaya. Yaya yana tsaye gefe yana cin goro, kamar ba kayansa ba ne. Tafiya huɗu kawai ya yi ta ƙofar nan.

Nakan tambayi kaina mi zai ce da ya ga yau. An yi sulhu, Alhamdu lillahi, bai gani ba. Yanzu kowa ya tuna yana da aboki Buzu. Waɗanda sunka riƙa canza hanya su ke kiran Agali ɗan'uwa a taron siyasa, suna riƙe masa hannu har an gama ɗaukar hoto. Na san Yaya, ba zai yi musu faɗa ba, zai tambaye su ne kawai wace Talata sunka zo. An karya darajar sefa, an yi zaɓe an rushe an sake, lakwal ta yi ta rufewa, samarin yankinmu na Adar sun watse Abijan da Libiya suna aiki ƙarƙashin sunan wasu. Wanda ya kafa shago a can sai ya rubuta shi da sunan mai masaukinsa, ranar da sunka ɓata ya dawo da jaka guda. Yaya yakan ce baƙo ya shiga da fuskarsa, ko za a daɗe ana tsayar da shi a ƙofa. A da ina jin maganar kamar taurin kai. Har yanzu taurin kai ne, sai dai na daina ganin aibunsa.

Bayan sadakar arba'in lauya ya aiko cewa sai an gyara takarda tunda mutum guda ya rasu. Ya ƙara da cewa akwai wani attajiri ɗan ƙasa da ke son shiga, in an sa sunansa komi zai yi sauƙi, amma shi da mutum guda yake son hulɗa, ba da biyu ba. Ban gaya wa Agali ba. Ya ji a wani wuri. Ya zo mangaza da rana, ya zauna kan ɗaurin fata.

Ya ce, "Habu, wanda ya nace ya tahi. Na san tun farko ba ka so, kuma ban riƙe ka da komi ba. Cire sunan, ka samu ka ciyar da ɗiyanka da na Sa'idu. Fata ina kawo maka kamar kullum."

Wannan ita ce ranar farko da na san ya san tsoro ne ya kai ni Barmu ranar shaida. Shekara uku yana gaishe ni yana zuba mani shayi bai taɓa nunawa ba.

Na ce, "Tashi daga kan kayan mutane, Buzu, kana lanƙwasa su. Jibi za mu Kano, ka zo da fasfonka."

Ya ce, "Attajirin fa?"

Na ce, "Shi nemi nashi kamfani."

Ba mu yi arziki ba, kar wani ya ɗauka labarin can ya nufa. Wata shekarar lodi biyu muke kaiwa, iyaka ta rufe ta buɗe, naira ta faɗi ta tashi da mu. Gidan Yaya har yau na ƙasa ne. Akwai masu cewa a majalisa ya kashe shekara da mangaza guda ta fata saboda abin da na goro zai gyara, kuma ni na gaji haukan. Na ji su, ba na musu da su a kan fatar, ni na kwashe ta da hannuna na zubar.

Abin da ya bari shi ne wannan. Akwai takarda a wata ƙasa da ba tamu ba, a cikinta an rubuta mu baƙi ne, an rubuta garin kowa, kuma babu layi guda da zan sunkuyar da kai in an karanta shi gaban ƴaƴana. Ni ban isa in yi ta ba, da hannu ya ja ni. Allah ya jiƙan Yaya Sa'idu, ya yafe masa, ya yafe mani watannin da na bar shi kan benci. Wanda kuma har yanzu yake ganin asara ce, mangazarmu tana buɗe ranar Lahadi, Agali yana nan. Ya zo ya faɗa a gabansa.