Odinatar da Maigidana Ya Shekara Uku Yana Haɗawa

Shekarar da aka ba ni ajin ƙarshe a kolej, diraktanmu ya ce ba ya son ya sake ganin tambayoyin jarrabawa da rubutun hannu. Na dawo gida na gaya wa maigidana ina buƙatar odinata, wato kwamfuta. Ba wata babba nake so ba, wadda dai za ta rubuta Faransanci da wasullansa masu hula, in zuba a kile, 'yar sandar nan ta ajiyar rubutu, in kai a buga mini.

Ashe na sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Maigidana ma'aikaci ne a buron kula da dabbobi, amma tun yana saurayi hankalinsa na kan na'urori. Ya gyara zama ya ce wadda ake sayarwa a haɗe ta waɗanda ba su san komai ba ce. Mai ilimi ɗaya-ɗaya yake sayen kayan ciki ya haɗa da hannunsa.

"Madam, ki ba ni wata biyu," in ji shi. "Za ki ga abin da babu irinsa daga nan har Bilma."

Abu na farko da ya iso shi ne akwatin. Motar Yamai ce ta kawo shi, baƙi wuluk, gefe ɗaya gilashi, ciki babu komai. Aka ɗora shi a kan tabur a ɗakin baƙi, na ɗinka masa mayafi saboda ƙura. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an yaye masa ya gani. Surukata da ta zo daga Fachi ta duba shi sama da ƙasa, ta ce kabad ɗin ya yi kyau amma ya yi ƙanƙanta, ta zuba dabinon da ta kawo mana a ciki. Maigidana ya bar shi a ciki saboda kunyar mahaifiyarsa. Sai da ta tafi ya kwashe, ya goge ciki da auduga kamar mai wanke ciwo.

Daga nan aka shiga kwatance. Yana da aboki mai farmasi a bakin kasuwa, shi ma irin ciwonsu ɗaya. Kullum bayan la'asar suna ƙofar gidanmu a kan tabarma, shayi na kan gawayi, kowa da salularsa a hannu, suna gardama a kan ƙwaƙwalwar na'urar. Kamfani biyu ne ke yin ta, kowannensu ya riƙe ɗaya kamar gadon gidansu. Mai farmasi ya ce tasa ta fi sauri, maigidana ya ce tasa ba ta ɗaukar zafi, kuma wanda ke zaune a Agadas zafi ya kamata ya fara tambaya. Daga cikin gida nake jin su suna kiran lambobi. Har rantsuwa na ji an yi, alhali babu wanda ya taɓa riƙe ko ɗaya a cikinsu.

In ya kusa yanke shawara, sai labari ya zo cewa sabuwa na fitowa bayan salla, wai wauta ce a sayi ta yanzu. Bayan salla kuma sai a jira a ji abin da waɗanda suka saya za su ce. A haka ya sayi ƙananan sandunan nan da suke kira ram, guda biyu, daga baya ya canza ra'ayi a kan babban faifan da ake kafa komai a kansa. Da faifan ya iso, sandunan suka ƙi shiga raminsu. Ya ce ba kuskure ba ne, zamani ne ya wuce su a hanya.

Ni kuwa duk ƙarshen wata ina kan kabu-kabu zuwa shagon buga takardu, in zauna a layi da kayena, wato littafin da na rubuta tambayoyin, a cinya.

A shekara ta biyu maƙwabciyata ta ce mijinta, direba ne mai bin hanyar Libiya, ya dawo da wata ƙaramar odinata ta hannu da yake son rabuwa da ita. Na shiga na gani. Ta sha duniya, kusurwa ɗaya a fashe, haruffan Larabci a kan madannan, kuma inda na saba ganin A wani harafi ne daban. Tambaya biyu na yi: tana rubutu? Batirinta na kai awa nawa in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki? Kafin ruwan shayin su maigidana ya tafasa na ɗauko ta.

Maigidana ya juya ta, ya karanta bayanta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai kakar odinatoci ce, ko a gidan tarihi sai an roƙa kafin a karɓe ta. Ya kira mai farmasi ya gani, a ranar kaɗai na ga bakinsu ya zo ɗaya. Bayan kwana uku ya ce in ara masa ita, allon salula ya yi masa ƙanƙanta wajen kwatanta kaya. Tun daga ranar sai na nemi izini kafin in yi aikin lakkol a kanta.

A shekara ta uku, cikin watan zafi, kaya suka cika. Ya ɗauki hutun kwana biyu, ya shimfiɗa farin zane, ya hana kowa shiga ɗakin. Gaskiya hannunsa na da kyau, ban taɓa ganin ya yi wani abu da natsuwa haka ba. Da ya danna, sai fankoki shida suka tashi, fitilu ja da kore da shuɗi suka kama zagaye a bayan gilashin. Na yi guɗa. Ba mu gama murna ba firigo ya tashi, kontar wutar gidan ta faɗi, komai ya mutu. Nan muka gane gidanmu ba ya ɗaukar su biyun a lokaci guda: ko ruwan sanyi, ko odinata. A watan zafi kuwa an san wanda zai ci zaɓe.

Saboda haka da sanyin safiya ake kunna ta, a kashe firigo na rabin awa. Na zaci zai yi wani babban aiki a kanta. Abin da yake buɗewa shi ne wani shafi mai nuna zafin ƙwaƙwalwar, ya zauna yana kallon lambar, in ta sauka ya ɗauki hotonta ya aika wa mai farmasi. Rahoton buronsu na aiki, wato na allurar raƙuma, a kan tawa yake rubuta shi, don tasa ba a wahalar da ita a kan ƙaramin abu.

Sunansa dai ya fita a gari. Yanzu duk mai son sayen odinata sai an turo shi gidanmu. Kwanan baya wani ma'aikacin jinya ya zo daga Bilma, ya ce ya ga wata a kasuwa, yana son shawara. Maigidana ya zaunar da shi tun hantsi, ya zana masa kwatance a takarda har shafi huɗu, ya ƙare da cewa ya dakata tukuna, akwai wadda ke tafe. Da aka kira azahar maigidana ya shiga alwala, na kawo wa baƙon abinci. Na rage murya na ce masa in wadda ya gani tana aiki, ya je ya saya kawai.

Ya dubi ƙofa, sannan ya buɗe jakarsa kaɗan ya nuna mini.

"Ai tun jiya na saya, Madam," ya ce. "Kunya ce ta hana ni faɗa masa."

Ya ci abincinsa, suka tafi masallaci tare, ya dawo ya karɓi shafukan nan huɗu da hannu biyu, ya yi godiya sosai.