Direban da Bai Yarda da Birkinsa Ba

A wani gareji a Agege nake kallonsa: dattijo siriri mai furfura a gemu, yana zaune cikin danfonsa, bas ɗin haya, ƙafarsa a kan birki. Bakanike yana kwance ƙarƙashin motar, ya sauya bututun da ke yoyon man birki, yanzu iskar da ta shiga ciki yake cirewa.

"Baba, taka! Riƙe! Saki!"

Dattijon yana takawa, leɓɓansa na motsi, gumi na bin wuyansa. Akwai dogon tabo a goshinsa. Ina zaton birki ya taɓa cin amanarsa da fasinjoji cike da mota.

Bakaniken ya fito yana goge hannu. "Ya kama, Baba. Allah kiyaye hanya."

Dattijon bai ko taɓa makulli ba. "Ɗana, 'ya'yan mutane zan ɗauka. Mu sake."