Lambar da Malam Garba Ya Bari a Bangon Zaure

Ranar Laraba da hantsi ina shago ina yanka yadi, Habibu ya kira ni ya ce mahaifinsa, Malam Garba, ya cika. Na yi salati, na ajiye almakashi. Malam ne ya koya mini lissafi a sakandare a nan Azare, kuma har na yi furfura bai fasa ba ni aikin gida ba.

Da ya yi ritaya sai ya ɗauko wata sabga. Ya rubuta biyu da alli a bangon zaurensa. Kowace Juma'a bayan an sauko, sai ya ninka abin da ke bangon, ya goge tsohon layi. Biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Bayan shekara shida da 'yan watanni lambar ta kusa kewaye zauren. Burinsa ɗaya, ya ga ta kai alƙaluma ɗari.

Ya san halinta kamar 'yar cikinsa. "Dubi wutsiyarta," yakan ce mini. "Biyu, huɗu, takwas, shida, sai ta koma biyu. Ranar da ka ga ta ƙare da biyar, mai allin ne ya yi gyangyaɗi."

Mutanen unguwa kuwa sun ɗauka hatimi ne. Wani makiyayi daga wajen Zadawa ya taɓa zuwa ya durƙusa ya ce, "Malam, a kankaro mini ko layi ɗaya in jiƙa wa shanu." Malam ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ardo, ko sun sha bangon duka, nono ba zai ƙaru ba. Amma zauna ka ji. Wannan lamba, ka yi ta raba ta biyu, ba ta barin saura har ka dawo kan ɗaya. Ka ce za ka raba wa mutum uku, sai an yi rigima." Ardo ya tafi ba magani, amma ya bar ƙwaryar kindirmo.

Wannan zato ne ya dami Habibu. Ranar Alhamis ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, gobe masu gaisuwa za su zo har daga Dambam. Ba na so a ce Baba tsibbu yake yi. Na kira mai fenti."

Na je na ƙirga alƙaluman. Casa'in da tara ne, kuma lambar ta fara da biyar. Ninki ɗaya ya rage wa Malam. Raina ya ɓaci, na ce, "Habibu, ka ba ni zuwa saukowa daga masallaci."

Ranar Juma'a zaure cike da baƙi na ɗauki guntun allin Malam. Na fara ninkawa daga dama, ina jin kamar yana bayana da bulalarsa da bai taɓa dukan kowa da ita ba. Tsohuwar ta ƙare da shida, tawa ta ƙare da biyu. Limamin unguwa ya tambaye ni me ake yi, na faɗa masa, ya ce a matsa a ba ni wuri. Da na gama, Habibu da kansa ya bi da yatsa yana ƙirgawa a fili, baƙi suna taya shi. Ɗari cif.

Daga bayan ƙofar cikin gida Hajiya, matar Malam, ta ce, "An cike masa?" Aka ce an cike. Ta ce, "Alhamdulillahi, yanzu sai in samu allina na kaɗin auduga ya huta." Ashe duk shekarun nan nata yake ɗauka. Zaman makoki ne, amma har liman sai da ya dara. Habibu ya sallami mai fenti.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya ba Hajiya da Habibu haƙuri. Ya Ubangiji, bawanka ya yi ta ninkawa har allinsa ya ƙare. Ka ninka masa lada ninkin da ba bangon da zai ɗauke shi. Amin.