Tasbaha Uku a Ɗakin Duhu

Malam Dikko mai hoto maƙwabcina ne a Argungu, shekara talatin da ɗoriya shagonsa na jingine da rumfar da nake sayar da albasa. Duk wanda ya yi katin makaranta a garin nan kafin zuwan waya mai kyamara, da wuya bai tsaya gaban baƙin ƙyallensa ba. Yanzu kowa na ɗaukar kansa da kansa, amma shi ya ƙi sakin fim ɗinsa na baƙi da fari. Na yi magana har bakina ya gaji, na ƙyale shi.

Da hannunsa ya fara rawa sai ya daina wanke hoto da kansa, ya koma aika fim Birnin Kebbi wurin Arzika, wanda ya koyi aiki a hannunsa tuntuni, yanzu kuma ga shi da shagonsa a unguwar Nasarawa da furfurarsa. Nan wahala ta fara. Wannan mako hoto ya fito tas, har kana iya ƙirga zaren hula. Mako mai zuwa ya dawo fari fat kamar an tsoma shi a ruwan shinkafa. Dikko ya zargi maganin wanke fim, ya zargi zafin gari, ya zargi direban da ke kai saƙon. Ya gwada wani shago a unguwar Badariya, su ma suka karɓa da fara'a suka ɓata. Shekara biyu ina shan wannan ƙorafi kullum bayan la'asar, har na fara jin haushin hoto gaba ɗaya.

Ashe matsalar a tasbaha take. Dikko bai taɓa duba agogo a ɗakin duhu ba. Yadda ya koya haka ya koyar: ka sanyaya magani a gindin randa, ka zuba wa fim, ka ja istigfari tasbaha uku, ka zubar. Sai dai bakin Dikko a hankali yake tafiya, na Arzika kuwa ya danganta da ranar. In mutane sun cika shago sai ya zuba istigfarin a guje, in azumi ya kama shi sai ya yi ta ja. Arzika da kansa ya tona wannan yana dariya wata ranar da ya zo gaisuwa. Dikko bai taya shi ba.

Matar Dikko, Asiya, shekara arba'in tana auren mai hoto ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Ko katin zaɓe ba ta yi ba don gudun kyamara. Bara, bayan an shigo da shinkafa, tana zaune bakin ƙofa da faifai, ta ce masa ya ɗauka sau ɗaya in hakan zai sa ta huta da nacinsa. Ya danna sau ɗaya. Kwana goma sha biyu bayan nan zazzaɓi ya tafi da ita.

Wata huɗu fim ɗin na cikin aljihunsa, ya kasa aikawa. Duk duniya babu wani hoton Asiya sai wannan, kuma fim sau ɗaya ake wanke shi. Wata safiya ya leƙo rumfata ya ce:

"Wanga ba ni aika shi. Taso mu tahi, ni ka jan tasbahar da kaina."

Na rufe albasa na bi shi. Arzika ya yi mana tarba ta girma, ya haɗa magani sabo, ya sanyaya shi yadda aka koya masa. Suka shiga ɗakin duhu, shi da magani, Dikko da tasbaha, ni kuma na zauna a benci bakin ƙofar. Rana ta yi zafi. Na ji shirun ya yi yawa. Can na ji Arzika ya yi tari, bayan ɗan lokaci ya sake yi. Mutumin da ya koya maka sana'a ba ka ce masa ya isa, ko da ka yi jikoki.

Da suka fito Arzika ya ɗaga fim ɗin ga rana. Baƙi ƙirin. Ya juya shi, ya sake juyawa, ban da gefen faifai ba a ganin komai. Ya fara cewa wataƙila maganin ne, Dikko ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

Muna mota a hanyar dawowa muka hango Argungu. Sannan Dikko ya ce ya fara ƙirga wa fim ne, a tsakiya sai ya koma roƙa mata gafara, bai san inda ukun ta wuce ba. Ni da baƙin bakina na tambaye shi ko bai ji tarin Arzika ba.

"Na jiya," in ji shi. "Duka biyun. Ba ni iya katse mata."