Gwaggo Kulu da Bakin Balki

Murfin langa ne ya suɓuce mini a tsakar gida, kwararam, sai Balki ta zabura ta waiwayo. Lokacin ta haura shekara uku ba ta taɓa cewa ko Umma ba, har an fara raɗa a unguwa wai ɗiyata kurma ce. Gwaggo Kulu, yayar babana da ke zaune da mu a Jega, ta cire goro daga baki.

"Kin gani? Tana ji sarai. Raina mu dai ta yi."

Ku da kuka san Gwaggo kun san halinta. Duk labarin al'ajabin da aka kawo, sai ta karkace kai ta ce, "Wa yag gani?" Ni kuwa a lokacin al'ajabi nake nema ido rufe.

Ranar da aka kawo wata albasa daga Aliero wai sunan Allah ya fito a jikinta, gidan maƙwabta ya cika da mata, ana kabbara ana shafa wa yara. Na suri Balki da gudu, ko mayafi ban yafa daidai ba. Gwaggo ta biyo mu, ta karɓi albasar ta juya ta, har da shinshinawa.

"Sauran na cikin buhu, wa yah halicce su?"

Ta mayar wa matar gidan albasarta, ta ce:

"To in kun ƙare kallo ku sam mini rabi, miyata na bisa wuta."

An daɗe matar gidan ba ta amsa gaisuwarta ba.

Sai aka ce wani mutum a wajen Maiyama yana da rijiya, bebe na sha zai buɗe baki. Na roƙi maigida har ya yarda, Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafata. Muka sha rana a layi. Da muka isa gabansa ta ce, "Malam, kira mani beben guda mu gaisa." Ya ce duk sun koma garuruwansu.

"Ko guda bai tsaya godiya ba? Ashe ruwan ga ba ya koya ladabi."

Balki ta ture kofin, Gwaggo ta shanye wai ƙishi take ji. A hanyar dawowa, tun daga tasha Gwaggo take labari ba numfashi, har direba ya ce, "Hajiya, wallahi ruwan ya yi aiki."

Ita ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likita ya ce a yawaita yi wa yarinyar magana, Gwaggo kuwa ta samu sana'a. Ta zaunar da Balki gabanta tana tsince shinkafa, ta kwashe labarin dangi kaf ta ba ta, sannan ta ce, "Ke mi kig gani?" Ta yi shiru tana jira, kuma wanda duk ya amsa wa yarinyar ya shiga uku. Maman Rahila, wata malamar makaranta da ke haya kusa da mu, ta ce su ma sun sa Balki a addu'a a cocinsu. Gwaggo ta ce, "Mun gode, amma ku ma kada ku yanka wa Allah wa'adi."

Wata rana na gaji na fashe da kuka, na ce, "Gwaggo, ke ba ki yarda da karama ba ne?"

"Na yarda mana. Mu'ujizar Annabawa gaskiya ta, karamar bayin Allah gaskiya ta. Amma ke, in Balki ba ta yi magana ba har abada, sallah za ki bari?"

Na ce a'a.

"To tashi, an yi kira."

Zazzaɓi ne ya kwantar da Gwaggo da damina, ba ta daɗe tana jinya ba. Ta tafi ba ta ji muryar da ta yi ta jira ba. Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da haƙurin da ta yi da mu.

Da maza suka fita da makara, ina tsugune a ƙofar ɗakinta sai na ji ana jan zanena. Balki ce, tana nuna bakin ƙofa, da wata 'yar murya a dishe da ban taɓa ji ba.

"Umma, Gwaggo ta hita ba takalmi."